Matakan Auna Motsin Ƙasa a Dutse Mai Aman Wuta da Radar Tauraron Ɗan'adam

Da yammacin Asabar 22 ga Mayu 2021 gefen dutsen Nyiragongo ya tsage, narkakken dutse ya gangaro ya doshi birnin Goma a gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Bayan kamar awa 6 kwararar ta tsaya a bakin gari, dab da filin jirgin sama. Amma hankali bai kwanta ba. Ƙasa ta ci gaba da girgiza dare da rana, tituna da bangayen gidaje suna darewa a Goma da maƙwabciyarta Gisenyi ta ƙasar Ruwanda, har ranar 27 ga wata hukuma ta ce mutanen unguwanni 10 su tashi. Kimanin mutum 400,000 suka bar gari. Abin da kowa ke son sani shi ne inda sauran narkakken dutsen ya shige.

Hotunan rada na taurarin ɗan'adam suna cikin abin da ya ba da amsa. Sun nuna narkakken dutsen ya tsaga ƙasa ya yi kudu, ya ratsa ƙarƙashin birnin har ya shiga ƙarƙashin tafkin Kibu. Dabarar da ake wannan awo da ita sunanta InSAR. Hotunan kyauta ne, manhajojin ma kyauta ne, don haka ɗalibin ilimin ƙasa da ke da kwamfuta da intanet zai iya yin aikin daga ɗakinsa. Da Nyiragongo za mu yi misali, domin duk wata wahalar wannan aiki ta taru a kansa: daji, damina, tsawo, da birni a gindinsa. Fitar da hoto mai launi abu ne mai sauƙi. Aikin gaske shi ne tabbatar da cewa launin motsin ƙasa ne.

Mataki na 1: Ka san abin da radar take aunawa

Rada ba kyamara ba ce. Ba ta jiran hasken rana, gajimare ma ba ya tare ta. Ita ke harba igiyar rediyo zuwa ƙasa, ta saurari abin da ya dawo. Taurarin Sentinel-1 na Tarayyar Turai, waɗanda ke shawagi kimanin kilomita 693 a sama, suna amfani da igiya mai zangon santimita 5.6. Idan igiyar ta dawo, na'urar tana rubuta abu biyu a kowane ɗigo na hoton: ƙarfin abin da ya dawo, da kuma gaɓar da igiyar take a cikin zangonta lokacin da ta iso. Wannan gaɓa ita ce jarinmu.

Tauraron ba ya ƙirga zango nawa igiyar ta yi a hanya. Kamar mai awon hatsi ne da zai nuna maka ragowar da ba ta cika mudu ba, ya ƙi faɗa maka mudu nawa ya zuba a buhu. Ragowar rana ɗaya ba ta da amfani. Amma idan tauraron ya dawo ta hanya ɗaya bayan kwana 12, ka debe ragowar farko daga ta biyu, bambancin zai gaya maka ko tazarar da ke tsakanin ƙasa da tauraron ta ƙaru ko ta ragu. Da yake igiyar zuwa take yi ta dawo, motsin rabin zango, wato santimita 2.8, shi ke cika zagaye guda. A hoton bambanci ana fenta kowane zagaye da jerin launuka, shi ya sa kake ganin zobba a kan dutsen da ya kumbura. Zobe ɗaya, santimita 2.8.

Ka riƙe wannan da kyau: radar tana kallo ne a karkace, tsakanin digiri 29 zuwa 46 daga tsaye, ta hannun dama. Ba tashin ƙasa take aunawa kai tsaye ba, matsowa ko nisanta a kan layin kallonta take aunawa.

Mataki na 2: Zaɓi tauraro da ranaku

Da Sentinel-1 ake farawa, don shi ne na kyauta mai ɗaukar hoto a kai a kai. An harba 1A a Afrilu 2014, 1B a Afrilu 2016. Na biyun ya lalace a Disamba 2021, sai a Disamba 2024 aka harba 1C. Wannan tarihi yana da amfani, domin idan ka ga giɓi a jerin ranaku bayan 2021, ka san dalili.

Matsalar gajeren zango ita ce ganye. Igiyar santimita 5.6 a kan ganye take tsayawa, ganye kuwa ba ya zama yadda yake har kwana 12. Gangaren Nyiragongo yana cikin gandun dajin Birunga, don haka wani babban yanki na hoton zai fito a hargitse. Inda za ka sami awo mai kyau shi ne kan sandararren dutsen da ya kwarara a 1977 da 2002, da filayen duwatsun maƙwabcinsa Nyamulagira, da rufin gidajen Goma da Gisenyi. Idan dajin kansa kake son leƙawa, sai dogon zango: ALOS-2 na Japan yana da igiyar kusan santimita 24 mai ratsa ganye ta taɓa kututture da ƙasa, haka ma NISAR na Amurka da Indiya da aka harba a Yuli 2025. A irin waɗannan, zobe ɗaya kusan santimita 12 ne.

Wajen zaɓen ranaku, hotunan biyu dole su fito daga hanya ɗaya mai lamba ɗaya. Ba a haɗa hoton da aka ɗauka tauraron yana hawa arewa da wanda aka ɗauka yana gangarowa kudu. Don aman 2021, nemi hoto na ƙarshe kafin 22 ga Mayu da na farko bayanta, a kowace hanya. Ka kuma duba tazarar da ke tsakanin inda tauraron ya bi a zuwan farko da na biyu. Gwargwadon ƙanƙantarta, gwargwadon raguwar kuskuren da tudu da kwari za su jawo. A Sentinel-1 ba kasafai take wuce mita 200 ba, shi ya sa ba ta cika damun mutum ba.

Mataki na 3: Sauke hotunan

Wuri biyu ne: Copernicus Data Space Ecosystem na Turai, ko kuma Vertex na cibiyar Alaska Satellite Facility, wanda ke buƙatar rajistar NASA Earthdata. Zana akwati a kan digiri 1.52 kudu, 29.25 gabas, ka faɗaɗa shi ya haɗa da Goma da arewacin tafkin. Nau'in fayil ɗin da za ka nema shi ne SLC. Akwai wani mai suna GRD wanda ya fi sauƙin saukewa, amma an zubar da gaɓar igiya a cikinsa, ba zai yi wannan aiki ba.

Kowane SLC ya kai gigabait 4 ko fiye. Wanda datarsa ba ta da yawa kada ya wahalar da kansa: a Vertex akwai HyP3, inda za ka zaɓi ranaku biyu su haɗa maka hoton bambanci a kwamfutocinsu, ka sauke ƙaramin sakamako. Cibiyar COMET ta Birtaniya ma tana ajiye hotunan bambanci na ɗaruruwan duwatsu a tsarinta na LiCSAR. Shawarata dai mutum ya haɗa ko da guda ɗaya da hannunsa, don wanda bai taɓa haɗawa ba ba ya gane inda kuskure ke shiga.

Mataki na 4: Haɗa hoton bambanci

Manhajar SNAP ta Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta fi sauƙi ga sabon shiga. ISCE da GMTSAR sun fi dacewa da mai son sarrafa hotuna da yawa a jere. Ko wacce ka ɗauka, tsarin ɗaya ne.

Hoton Sentinel-1 faɗinsa kilomita 250 ne, an kasa shi shafi 3, kowane shafi gunduwa-gunduwa. Yanki gunduwoyin da dutsen ke ciki, ka bar sauran. Sa bayanin hanyar da tauraron ya bi. Cikakken bayanin yana fitowa kamar kwana 20 bayan ɗaukar hoto. A lokacin gaggawa ana amfani da na wucin gadi mai fitowa cikin awoyi, daga baya a maimaita. Sai ka jera hoto na biyu a kan na farko. A nan ake son tsananin daidaito, domin ɗan karkacewa kaɗan yana sa a ga tsalle a mahaɗar gunduwoyi. A SNAP, Back-Geocoding da Enhanced Spectral Diversity su ke wannan aiki. Bayan nan ka debe gaɓar wannan daga ta wancan, ka cire zobban da lanƙwasar duniya ta haifar, ka cire na tudu da kwari da taswirar tsawo. Yi amfani da Copernicus DEM mai ɗigon mita 30. Taswirar SRTM tun Fabrairu 2000 aka ɗauke ta, kafin aman 2002, kuma ramin Nyiragongo da gangarensa sun canza ƙwarai tun lokacin. A ƙarshe ka haɗe ɗigo-ɗigo maƙwabta don rage hayaniya, ka tace da matatar Goldstein.

Mataki na 5: Duba daidaituwa kafin launi

Tare da hoton bambanci manhaja za ta ba ka wani hoto fari da baƙi, wato hoton daidaituwa, mai lamba daga 0 zuwa 1. Yana nuna yadda fuskar ƙasa ta ci gaba da kama da kanta tsakanin ranakun biyu. Shi za ka fara buɗewa. Tafkin Kibu zai fito baƙi ƙirin, daji toka-toka, gari da tsohon dutse fari. Duk inda lambar ta gaza kamar 0.3, rufe shi, kada ka karanta komai a wurin.

Wannan hoto yana da wani amfanin. Inda sabon narkakken dutse ya bi, fuskar ƙasa ta canza ɗungurungum, sai hanyarsa ta fito baƙa a tsakiyar fari. Haka ake zana taswirar kwarara ko da gajimare ya rufe dutsen mako guda. Hoton ƙarfin igiya kuma yana nuna bakin ramin da inuwarsa, daga tsawon inuwar ake lissafa zurfin da ramin ya yi.

Mataki na 6: Ƙirga zobba, sannan ka warware

Kafin kwamfuta ta taɓa komai, ƙirga da idonka. Fara daga wuri mai nisa da kake ganin bai motsa ba, ka nufi tsakiyar zobban, kana ƙirga sau nawa launi ɗaya ya maimaitu. Zobba 5, santimita 14 ke nan a layin kallo. Idan motsin duk na sama ne, kuma radar tana kallo a digiri 39, sai ka raba da 0.78, ka sami kusan santimita 18. Inda zobba suka matsu da juna, nan ƙasa ta fi lanƙwasa. Inda suka yanke kwatsam, akwai tsaga.

Warwarewa ita ce mayar da zobban nan lamba ɗaya mai ci gaba, kuma SNAPHU, wadda aka rubuta a jami'ar Stanford, ita aka fi amfani da ita. Tana kuskure a inda daji ya raba wuri biyu masu kyau. Bakin ramin Nyiragongo tsibiri ne a tsakiyar daji. Manhajar za ta ba shi lamba, amma ba ta da hanyar sanin zobba nawa suka ɓace tsakaninsa da Goma. Alamar wannan kuskure ita ce yanki guda ya yi tsalle da santimita 2.8 cif, ko ninkinsa. Kusa da tsaga kuma, inda ƙasa ta motsa mita guda ko fiye, zobban sukan cunkushe har su narke. A nan sai a koma auna yadda ɗigon hoton ƙarfi ya gusa daga mazauninsa. Bai kai gaɓar igiya kaifi ba, amma babban motsi ba ya ruɗa shi.

Saura abu biyu. Na farko, sifili. Duk lambar da ke hoton bambanci ce tsakanin wuri da wuri, don haka dole ka zaɓi inda za ka kira sifili. A ranakun da babu tashin hankali Goma ta isa, amma a Mayu 2021 garin kansa ne ke motsi, wanda ya kafa sifili a can ya gurɓata taswirarsa duka. Na biyu, alama. Wata manhajar tana ba matsowa alamar ƙari, wata alamar ragi. Karanta bayanin manhajar, sannan ka gwada da abin da ka riga ka sani: sabon dutsen da ya kwarara yana shekaru yana sanyi yana lotsawa, don haka a dogon zango na lokaci dole ya fito yana nisanta. Juya alama shi ne mayar da kumburi lotsawa, kuma ya faru da ƙwararru ma.

Mataki na 7: Tuhumi iska

Nan ne mutum zai daɗe. Igiyar rada tana rage gudu idan ta ratsa iska mai laima. Idan ranar farko busasshiya ce, ta biyu kuma an yi ruwa, igiyar za ta makara, hoton ya nuna kamar ƙasa ta yi nisa alhali ba ta motsa ba. A yankin da ake ruwa kamar Kibu, wannan ƙarya tana kai santimita da yawa, wani lokaci ta wuce 10.

Abin da ya sa ta fi haɗari a kan dutse shi ne siffarta. Nyiragongo tsawonsa mita 3,470, tafkin da ke gindinsa yana kan mita 1,460. Igiyar da ta sauka a ƙoli ba ta ratsa kilomita 2 na iskar ƙasa-ƙasa ba, inda laima ta fi yawa. Don haka canjin laima yana bin tsawo, tsawo kuma zagaye yake da dutsen, sai ka sami zobba kyawawa a kewaye da ƙoli, sak irin na dutsen da ya kumbura. Ba sababbin shiga kaɗai wannan ya taɓa ruɗawa ba. A 1995 Didier Massonnet da abokan aikinsa suka wallafa hoton dutsen Etna na Italiya yana lotsawa, ɗaya daga cikin awon farko na dutse mai aman wuta da wannan dabara. Binciken da ya biyo baya ya nuna kaso mai yawa na zobban daga iska ne.

Ga yadda ake tuhumar. Ɗauki ranaku uku a jere. Idan zobban sun fito a hoton rana ta 1 da ta 2, sannan suka sake fitowa a na rana ta 2 da ta 3 da girma ɗaya amma launukan a juye, to laifin yanayin rana ta 2 ne. Haɗa ta 1 da ta 3 kai tsaye za ka ga sun ɓace. Motsin gaske yana nan a duk hoton da ya ƙetare lokacin da ya faru, ko da ranakun sun sha bamban. Sannan ka dubi maƙwabta. Mikeno da Karisimbi suna gabas da Nyiragongo, sun fi shi tsawo, kuma ba su da tarihin aman wuta a zamanin nan. Idan daidaituwa ta bari ka ga ƙolinsu, kuma su ma suna sanye da zobba irin nasa, ai ba narkakken dutse ba ne ya kumbura su duka rana ɗaya. Gwaji na uku shi ne zana lambar kowane ɗigo a kan tsawonsa. Idan suka jeru a miƙe, iska ce abar zargi.

Akwai gyara. GACOS, na jami'ar Newcastle, yana ba da taswirar makarar igiya ta kowace rana idan ka ba shi wuri da lokaci, manhajar MintPy kuma tana lissafa irinta daga bayanan yanayi na ERA5. Amma kada ka ɗauka gyara kullum gyara ne. Waɗannan taswirori sun iya kama laimar da ke bin tsawo, ba su iya kama hadarin da ya taso a kwari ɗaya da yamma ba. Auna watsuwar lambobi a yankin da ba ya motsi kafin gyara da bayansa. Idan ta ƙaru, jefar da gyaran. Wani abin lura: Sentinel-1 yana gangarowa da misalin ƙarfe 6 na safe, yana hawa da misalin 6 na yamma, kuma a ƙasashe masu zafi iskar asuba ta fi kwanciya, don haka hotunan safe sukan fi tsabta. Masu amfani da dogon zango suna da ƙarin ciwon kai daga saman sararin sama, inda iska mai cajin lantarki ke karkatar da igiya, musamman kusa da layin da ya raba duniya biyu bayan faɗuwar rana.

Mataki na 8: Haɗa kallo biyu

Tauraro mai hawa yana yamma da kai yana kallon gabas, mai gangarowa yana gabas yana kallon yamma. Ƙasar da ta tashi tana matso wa duka biyun. Wadda ta gusa gabas tana nisantar mai hawa, tana matso wa mai gangarowa. Da waɗannan awo biyu sai ka warware lissafi mai abu biyu da ba a sani ba, ka sami motsin sama da ƙasa, da na gabas da yamma. Motsin kudu da arewa kusan ba ya ganuwa, domin ta nan tauraron kansa yake tafiya.

A Goma an yi sa'a ta wannan fuska. Tsagar ta miƙe daga arewa zuwa kudu, don haka ta buɗe ne gabas da yamma, inda radar ta fi gani. Irin wannan tsaga tana da siffar da ba a ɓata ta: fukafukai biyu na zobba, ɗaya a kowane gefe, da siririn kwari da ya lotsa a tsakiya. Fukafukan ba sa zama daidai. A hoton hawa, na yamma ya fi yawan zobba, domin tashi da gusawa yamma duk matsowa ne. A gabas kuwa tashi da gusawa suna cin juna. A hoton gangarowa abin ya juya. Idan ka ga wannan juyi, ka kama abin gaske, don iska ba ta san ta wace hanya tauraro ya zo ba.

Mataki na 9: Jera lokaci

Hoto ɗaya ya isa ga babban motsi. Kumburin santimita 1 ko 2 a shekara kuwa yana nutsewa cikin hayaniyar iska, sai an tara hotuna da yawa. Haɗa kowace rana da uku ko huɗu da ke biye da ita, ka ƙara wasu masu tazarar watanni, domin gajerun tazara kaɗai sukan tara ɗan kuskure a inda akwai tsiro. Ba MintPy ko LiCSBAS su fitar da tarihin kowane ɗigo. Su ma suna gwada rufewar ranaku uku: 1 zuwa 2, da 2 zuwa 3, dole su yi daidai da 1 zuwa 3, hoton da ya saɓa a cire shi. Da shekara biyu ko uku na hotuna ana iya sauka zuwa milimita kaɗan a shekara. Idan layin yana hawa da sauka tare da damina da rani, ruwa ne.

Mataki na 10: Lissafa abin da ke ƙasa

Ga kumburi mai zagaye, ana farawa da lissafin Kiyoo Mogi na Japan na 1958, wanda ya ɗauki ma'ajiyar narkakken dutse a matsayin ɗan ƙaramin wuri mai matsi a ƙarƙashin ƙasa. Yana da ƙa'ida mai sauƙi: nisan da tashin ya ragu zuwa rabi daidai yake da kashi 77 cikin 100 na zurfin. A ce tsakiya ta tashi santimita 10, a nisan kilomita 3 kuma ta tashi 5. Zurfin ya kusa kilomita 4, ƙarin girman kuma kamar mita kubik miliyan 6 zuwa 7. Faɗin zobba ke faɗin zurfi, yawansu ke faɗin girma. Ga tsaga kuma ana amfani da lissafin Yoshimitsu Okada na 1985. Manhaja irin GBIS tana gwada dubban zaɓi ta ba ka iyakar da amsar take ciki, wadda ta fi lamba ɗaya gaskiya.

Binciken da Delphine Smittarello ta jagoranta, wanda mujallar Nature ta buga a 2022, ya haɗa rada da awon girgiza da na GPS ya gano tsagar Nyiragongo ta kai tsawon kimanin kilomita 25, ta haɗiye narkakken dutse kusan miliyan 240 na wannan ma'auni, kuma a ƙarƙashin Goma ta matso kusa da fuskar ƙasa da 'yan ɗaruruwan mita. Shigarta ƙarƙashin tafkin ita ta fi tayar da hankali, saboda Kibu yana riƙe da iskar kabon da ta methane masu ɗimbin yawa a zurfinsa. Mutanen Kamaru sun san abin da wannan ke nufi: iskar da ta fashe daga tafkin Nyos a Agusta 1986 ta kashe sama da mutum 1,700.

Mataki na 11: Rubuta abin da ka gani, ka kai inda ya dace

Wancan binciken ya gano wani abin da ya kamata ya rage wa mai wannan aiki zaƙewa. Kafin 22 ga Mayu, radar ba ta ga wani kumburi da zai zama gargaɗi ba. Girgizar da ta nuna dutsen na tsagewa ta fara ne ƙasa da minti 40 kafin wuta ta fito. Nyiragongo buɗaɗɗen dutse ne mai tafkin wuta a ramin ƙolinsa, gefensa ne ya gaza, ba sai da ya kumbura ba. Tauraron da ke dawowa bayan kwana 6 ko 12 ba shi da abin cewa a kan minti 40. Ta ɗaya gefen kuma, Campi Flegrei kusa da birnin Naples ya tashi sama da mita 1 tun 2005, amma rabonsa da aman wuta tun 1538. Juliet Biggs ta jami'ar Bristol da abokan aikinta sun duba duwatsu 198 a tsawon shekara 18, suka buga sakamakon a 2014: 54 sun motsa, 25 daga cikinsu suka yi aman wuta, wato kashi 46 cikin 100, yayin da kashi 94 na waɗanda ba su motsa ba suka zauna lafiya. Don haka kada kalmar “zai fashe” ko “ba zai fashe ba” ta shiga rahotonka.

Abin da zai shiga shi ne ranakun hotunan biyu da lokacinsu, lambar hanya da ko hawa ce ko gangarowa, inda ka kafa sifili, ma'anar alamar ƙari, gyaran iskar da ka yi ko ka ƙi yi da dalili, da girman hayaniyar da ka auna a wurin da ba ya motsi. Idan hayaniyar santimita 2 ce, motsin santimita 1.5 ba labari ba ne tukuna, rubuta shi a matsayin abin jira. Gwada lambarka da tashar GPS mafi kusa, bayan ka mayar da awonta kan layin kallon radar. Ka duba ko girgizar ƙasa da hayaƙin farar wuta sun canza a daidai lokacin.

Hoton zobba yana da kyan gani, yana kuma yawo da sauri a Facebook da WhatsApp, a garin da mutane suka taɓa gudu a 2002 da 2021. Gargaɗi aikin cibiyar sa ido kan duwatsu ta Goma ne da hukumomin da take ba shawara, su ke da na'urorin da ke ƙasa. Aika musu taswirar tare da fayil ɗin lambobin da hoton daidaituwa, ka faɗi ranar da tauraron zai sake bi ta kowace hanya, ka shirya manhajarka ta yadda hoton yana sauka za ka haɗa shi da biyun da suka gabace shi, ba da ɗaya kaɗai ba.